Jan Fentin Darakta

Duk wanda ya taɓa aiki a sashen lambuna na ƙaramar hukuma ya san ƙa'idar jan fenti. Jami'i zai zagaya da gwangwani da buroshi, itacen da ya ruɓe ko ya karkata kan wayar lantarki sai ya shafa masa ja daidai ƙirjin mutum. Washegari masu zarto su zo su kai shi ƙasa. Ba sa tambaya, ba sa neman takarda, jan kawai suke dubawa. Ku riƙe wannan, don a kansa gidan mutumin nan ya ƙare.

Mai Lambu ake ce masa a ofis, da zolaya aka fara har sunan ya bi shi. Shekara ashirin da biyu yana sashen, tun yana akawu har ya zama mataimaki, daga nan ya tsaya cak. Sau uku kujerar darakta tana zama ba kowa, sau uku ana ɗauko wani daga waje a ɗora. Kujerar kuwa ba ta wasa ba ce. Sai da sa hannun darakta ake kafa rumfa ko a ɗaura lasifika a babban lambun gari, ko taron siyasa ne ko baje koli. Shi ke ba da kwangilar sare itatuwa, shi ya san inda katakon ke kwana. Mai Lambu ne ke rubuta takardun, ya kai, ya tsaya hannu a baya yana kallon masu nema suna shiga niƙi-niƙi da kaya su fito hannu sake.

Ba yunwa yake ji ba, in gaya muku gaskiya. Yana da gidan haya mai ɗaki uku, da tsohuwarsa Inna, da matarsa, da 'ya ɗaya tilo da yake kira 'Yar Baba. Rai ne dai ya ƙi kwanciya.

Direban tankar ban ruwa ne ya yi masa kwatancen wani boka, ya ce ya tafi da gwangwanin fentin aiki. Da tsakar rana ya je, ranar aiki, bayan ya ce a ofis zai duba wasu itatuwa. Wurin tsohon injin katako ne a bayan gari, garin katako ya ruɓe ya yi baƙi, ƙafa na nutsewa a ciki. Ɗakin ba taga. An rufe bango da jan ƙyalle da ya sha hayaƙi, ga guntayen saiwoyi rataye, kowace an ɗaure ta da gashin mutum. A tsakiya akwai kututture guda, samansa ya yi sulɓi da maiƙon abin da aka daɗe ana yankawa a kai. Duk zafin da ake a waje, ɗakin sanyi ƙalau, kuma ko ƙuda babu.

Bokan ɗan tsamurmurin tsoho ne, bai amsa sallama ba. Ya karɓi gwangwanin ya buɗe, ya kama babban yatsan Mai Lambu ya soke shi da ƙaya, jini ya ɗiga a cikin fentin.

"Su wa ke ci daga hannunka?"

"Mahaifiyata, da matata, da 'yata."

Kowacce ya ambata, sai tsohon ya juya fentin sau ɗaya da wani ƙashi.

"Kujera za ka samu, da abin da ke bin kujera. Ba na karɓar ko sisi. Mutanen ɓoye ne ke karɓa."

"Me za su karɓa, Baba?"

"Itace. Duk shekara kafin ruwan farko ya sauka, ka shafa wa itace ɗaya wannan fentin a kai shi ƙasa. Wanda ka dasa da hannunka."

Mai Lambu ya danne dariya. "Baba, itace? Ni da na dasa sama da dubu goma a garin nan? Rahotanni suna nan a ofis."

"Da hannunka na ce."

"Na ji."

"Su ba sa karanta rahoto. Ka amince?"

"Har shekara nawa?"

"Har su ƙare."

"Ai jikokina ma ba za su ga ƙarshensu ba. Na amince."

Ya fito yana ganin banza ta faɗi. Abin da ya manta, kuma duk ɗan ofis zai iya mantawa, shi ne bai taɓa zama lebura ba. Dubu goman nan leburori ne suka haƙa, suka dasa, suka yi ban ruwa, shi kuwa ya rubuta "mun dasa" har ya yarda da abin da ya rubuta. Ko ranar ɗaukar hoto, taɓa ganyen kawai yake ya karkaɗe hannu. Itatuwan da hannunsa ya dasa a duniya uku ne, a bayan siton kayan aiki, kusa da famfo, daga ragowar dashen da aka zubar. Maɗaci ya dasa makon da ya ɗauko Inna ta dawo wurinsa. Ceɗiya ya dasa watan aurensa. Mangwaro kuma ranar da aka haifi 'Yar Baba, ya yi ta shayar da shi da bokiti har ya kama.

Ba a rufa wata ba darakta ya kwanta ciwo, takarda ta fito da sunan Mai Lambu. Masu ce masa Mai Lambu jiya suka koma "Yallaɓai Darakta". Umarninsa na farko shi ne duk itacen da ke da ja a sare shi nan take, ba sai an jira sa hannun kowa ba, don kada katako ya yi jinkiri. Aka buga aka manna a ƙofar sito, aka kuma sa shi cikin takardar kowane ɗan kwangila.

Da hadari ya fara haɗuwa, ya ɗauki gwangwaninsa ya shafa wa wata darbejiya da ke bakin ƙofar lambun, ya koma ofis yana fito. Washegari da hantsi shugaban masu zarto, wani dattijo mai furfura, ya leƙo.

"Yallaɓai, mun gama da maɗacin."

"Wane maɗaci? Darbejiya na shafa."

"Darbejiya ba komai a jikinta, ranka ya daɗe. Maɗacin bayan sito ne da ja, fentin ma bai gama bushewa ba."

Dattijon bai rufe baki ba wayar Darakta ta yi ƙara. Matarsa ce, tana cewa Inna na cikin shanya a tsakar gida ta yanke jiki ta faɗi, ko shurawa ba ta yi ba.

Ya ce wa kansa tsohuwa ce, kwananta ne ya ƙare. Ya karɓi gaisuwa ido a bushe, aka yi ta yaba masa tawakkali. Shi kuwa ba tawakkali ba ne, wani abu ne ya daskare masa a ƙirji, bai kuma sake narkewa ba.

Arziki kuwa ya zo kamar an ɓalle famfo. Babu makon da ba a kafa rumfuna a lambun, kuma ba wanda ke shiga ofishinsa hannu rabbana. Ya gina gida mai bene, ya sa motoci biyu, ya kai 'Yar Baba makarantar koyon aikin jinya. Abinci kala-kala a gabansa, amma duk ɗanɗano ɗaya yake ji.

Shekara ta zagayo, ya kulle gwangwanin a kabad ya ƙi taɓawa. Kullum da safe sai ya zagaya bayan sito kamar mai duba famfo. Ran nan ya tarar da ja a jikin ceɗiya, ɗanye sharaf. Ya kankare ɓawon da wuƙa, ya ga jan ya shiga har cikin tsokar itacen. Ya koma wurin boka.

"Baba, a canza. Ga gidan, ga motocin, ga kujerar ma."

"Ba su ce suna son gida ba."

"To in na ƙi sarewa fa?"

"Sai su zo su ɗiba da kansu, kuma su ba sa ɗaukar ɗaya-ɗaya."

Sai ya yi dabara irin ta ɗan ofis, wadda ake cika umarni rabi a ce an cika. Ya ce wa dattijon masu zarto kada a kai ceɗiyar ƙasa, kanta kawai za a datse. Aka datse rassan duka, aka bar gangar jikin tsaye. Da ya koma gida da la'asar ya tarar da matarsa a falo tana ninke zani ɗaya tana warwarewa. Ta ɗago ta dube shi da ladabi.

"Bawan Allah, wa kake nema? Maigidan ba ya nan."

Tun daga ranar ba ta sake gane kowa ba. An je asibiti, an yi addu'a, shiru. 'Yar Baba ce ke yi mata wanka, ta ba ta abinci a baki, ta tafi makaranta ta dawo da gudu.

Saura mangwaro. A daminar nan ma'aikata suka ga abin da ba su taɓa gani ba: Darakta da kansa, ya naɗe hannun riga, yana haƙa rami yana dasa itace, hannunsa duk ya yi kanta. Ɗari biyu ya dasa don ya sama wa masu karɓa abin ɗauka. Ana ba su ruwa safe da yamma, amma cikin mako guda duk suka bushe ƙayau. Hotunan dai sun riga sun zagaya, aka yi ta cewa ga shugaba abin koyi, har majalisar ƙaramar hukuma ta yanke a ba shi lambar yabo a taron buɗe baje kolin shekara mai zuwa, a cikin lambun.

Jan ya fito a jikin mangwaron saura kwana tara taron, bishiyar ta yi 'ya'ya har rassan na rinjaya. Ya sa aka shafe gindin duk itatuwan lambun da farar ƙasa, wai don ado, na mangwaron kuma shi ya shafe da kansa, ya maimaita har sau uku. Ya kira dattijon masu zarto ya ce duk wanda ya taɓa bishiyar nan a bakin aikinsa. Dattijon ya dube shi ya daɗe, ya ce, "Allah Ya kyauta, Yallaɓai." Abin da zai biyo bayan ƙin sarewar kuwa, Darakta ya daina tunaninsa. Kwana ɗaya-ɗaya yake nema wa 'yarsa.

Da safen taron 'Yar Baba ta rako shi har mota, ta gyara masa hula.

"Baba, kullum hularka a karkace, sai ka ce ba darakta ba. Ka tsinko min mangwarona in an tashi, na san sun nuna. Zan yanka wa Mama ko za ta ci."

"Zan tsinko."

Wajen ƙarfe tara aka yi yayyafi na ɗan lokaci, ruwan farko na shekarar. Jama'a suka ce alheri ne, aka goge kujeru aka ci gaba. Dattijon masu zarto da yaransa an tura su tsaron ƙofa. A bayan sito kuwa ma'aikatan ɗan kwangilar rumfuna, baƙi da ba su san kowa ba, suna neman inda za su ajiye janareta. Ruwa ya wanke farar ƙasa, ga ja ɓaro-ɓaro a jikin mangwaro, ga umarnin Darakta manne a ƙofar sito. Suka ɗauko zartonsu.

Yana tsaye a kan dandamali, shugaban ƙaramar hukuma na karanta kirarinsa, sai ya ji ƙarar injin zarto a ƙarƙashin ƙarar lasifika. Shekara ashirin da biyar yana jin wannan ƙarar, ya san lokacin da haƙori ke cin ɓawo da lokacin da ya kai zuciyar itace. Ya sauko ya ratsa jama'a, ana miƙo masa hannu, babbar rigarsa na kama kujeru. Ya sha kwanar sito daidai lokacin da bishiyar ta yi ƙara ta kwanta, mangwaro ya watsu ko'ina.

"Oga, mun ga ja ne," in ji mai zarton, yana share gumi.

Darakta ya wuce shi ya nufi rassan. Wayarsa ta fara rawa a aljihu, ta tsaya, ta sake farawa. Ya durƙusa a cikin taɓo ya shiga tsince mangwaron, yana zaɓen waɗanda suka nuna, yana goge su da hannun riga yana zubawa a aljihu. Har aka zo aka ɗaga shi bai ɗauki wayar ba, don ya san abin da maƙwabta za su gaya masa.

A ƙofar ɗakin uwarta 'Yar Baba ta faɗi, da kofin ruwa a hannu. Uwar tana kallo tana ninke zaninta. Ba a yi sati ba iska ta karya gangar ceɗiyar, uwar ma ta bi 'yarta.

Kujerar wani aka ba. Gidan benen yana nan a rufe, ba mai son saya. Bokan kuwa da aka je, garin katako kawai aka tarar. In kun shiga lambun da safe ku zagaya bayan sito, za ku ga wani mutum da yagaggiyar babbar riga da bokiti, yana tarar ruwa a famfo yana shayar da kututture uku. Ba ya kuka, ba ya roƙo, ba ya kula kowa. Masu gadi sun gaji da korarsa sun ƙyale shi.

To ku masu hangen kujerar wani, ku ji da kyau. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma wanda ya kai kansa gaban boka ba shi ke zaɓen abin da za a karɓa ba. Ba a karɓar abin da kake da shi da yawa, sai ɗan abin da ka raina da hannunka. Ka tsaya inda Allah Ya ajiye ka, ka ci halal ɗinka ko da kaɗan ne. Masu zarto har gobe ba sa tambaya.