Zuciyar Da Likita Ya Ɗebe

Mutane sukan ɗauka jahili ne kaɗai ke cire takalmi a ƙofar boka. To, ga labarin wani likitan zuciya da ya yi karatu har karatu ya gaji da shi, amma ya ninke farar rigarsa ya bari a mota, ya je ya durƙusa.

Aikinsa shi ne duba masu ciwon gazawar zuciya, wato zuciya ta gaji ta kasa tura jini. Ƙafafu su kumbura, numfashi ya gajarce, mutum ya koma barci a zaune. In abin ya kai maƙura sai dashe, a cire ta a sa ta wani da ya rasu. Ita kuwa zuciya ba a sayen ta a kanti, masu jira da yawa a kan jiran suke cikawa. Likita ya haɗa wani magani da yake fatan zai farfaɗo da zuciya ba sai an kai ga wuƙa ba. Aka ba shi izinin gwaji, ya raba marasa lafiyarsa gida biyu: waɗansu su sha sabon magani, waɗansu su ci gaba da tsohon, a ga waɗanda za su fi samun sauƙi. Shekaru suka tafi, babu wani bambanci. Kamfanin da ke ɗaukar nauyin aikin ya fara ja da baya.

Da tausayi ya fara, wannan gaskiya ne. Amma tausayin ya daɗe da komawa gefe. Sa'o'insa sun gina gidaje, ana kiran sunayensu a manyan taruka, shi kuwa sai ya tsaya a bakin ƙofar asibiti ana tura masa mota. Abu ɗaya ke sanyaya masa rai, 'yarsa tilo, wadda take karatun likita. Ƙaramar Likita yake ce mata. Takan zauna a kujerarsa ta ɗora tabaransa a kan hanci ta ce, "Baba, matso in duba ka, na ga alamar rowa ta kama maka zuciya."

Wani dillalin magunguna ne ya raɗa masa wurin wani boka. Ya tafi da rana tsaka. Ɗaki ne a bayan wata tsohuwar mahauta, ba taga, ƙugiyoyin rataye nama suna nan a sama sun yi tsatsa. An lulluɓe bango da jan ƙyalle. Kwalabe jere a ƙasa, kowace da wani baƙin abu busasshe a ciki. Kallo ɗaya Likita ya yi ya gane zukata ne, na tsuntsaye, na awaki, da waɗansu da bai yarda ya sake kallo ba. A tsakiyar ɗakin akwai kwano cike da baƙin ruwa, ruwan yana ɗagowa yana komawa shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi.

Bokan siriri ne, muryarsa ƙasa-ƙasa. Bai tambayi abin da ke tafe da shi ba.

"Miƙo abin da ke aljihunka."

Abin awon ƙirjinsa ne, wanda yake saƙalawa a kunne ya saurari bugun zuciya. Boka ya kwance faifan da ake ɗorawa a ƙirji, ya cusa wani ƙulli mai gashi-gashi a ciki, ya mayar ya ɗaure, ya tsoma shi cikin kwanon. Ruwan ya tsaya cak.

"Ƙirjin farko da ka ɗora wa, ya bayar. Na biyu ya karɓa. Haka za a yi ta tafiya, wannan ya bayar, wancan ya karɓa."

Likita ya ce, "Shi wanda ya bayar fa?"

"Kai ne likita, ni kake tambaya? In an ɗebi ruwa a randa, ƙaruwa take yi?"

"To, me zan biya?"

"Ba ni ke karɓa ba. Masu abin su ke ɗaukar nasu, kuma ba sa faɗa wa mutum rana."

"Iyalina fa? Ban yarda a taɓa min iyali ba."

Boka ya yi wata dariya da ba ta kai ido ba. "Ka taɓa ganin wuƙa ta tashi da kanta ta yanki mutum? Riƙe kayanka da kyau, shi ke nan."

Da ya fito sai da ya yi amai a gindin bango. Amma ya sa abin a aljihu.

Wani tsohon tela ya fara ɗora wa, cikin masu shan tsohon magani. Ya ce a ransa, ai wannan da ma ƙafarsa ɗaya tana kabari. "Ja numfashi, Baba," ya ce, tsohon ya ja, har yana sa masa albarka. Daga nan ya taka zuwa gadon wata mai jego da ke shan sabon magani, ya ɗora mata. Kafin mako ya zagayo mai jego tana hawa matakala da jaririnta a kafaɗa. Tela kuwa an kai shi makwancinsa, kuma ba wanda ya yi mamaki, don mai ciwon zuciya in ya mutu wa zai ce me ya kashe shi?

Haka ya riƙa zagayen safe, daga gadon nan zuwa gadon can. Masu sabon magani suna tashi, masu tsohon suna faɗuwa, bambancin da ya yi shekaru yana nema ya fito ƙuru-ƙuru. Kamfani ya dawo da gudu. Aka ce an samo maganin da zai rage dogon layin masu jiran dashe. Likita ya tashi daga gidan haya ya koma gida mai bene da lambu, motar da ake turawa ta zama labari. Abokinsa likitan fiɗa, wanda ke yin dashen, suna tsokanar juna tun suna makaranta, shi yana ce masa Mahauci. Ya tare shi a baranda ya ce, "Kai mai ƙwayoyi, so kake ka raba ni da sana'ata? In na rasa aiki gidanka zan tare."

Matarsa ce kaɗai ta ce, "Baban yarinya, dukiya ta zo amma dariyarka ta tafi. Lafiya?" Ya ce gajiya ce.

Sai aka gayyace shi wani babban taro a ƙasar waje don a karrama shi. Yana haɗa kaya ya tuna da na'urar binciken jaka a filin jirgi. In aka hango ƙullin nan a cikin faifai, me zai ce? Ya tura abin awon can ƙasan durowar tufafinsa, ya tafi.

Lokacin Ƙaramar Likita tana shirin jarrabawar duba marasa lafiya, nata abin awon kuma robarsa ta tsage. Uwar ce ta ci karo da na uban tana jera masa riguna. Ta ce, "Ungo na babanki, kya samu albarkarsa." Malamansu kuwa sun koya musu wata dabara: kafin ɗalibi ya saurari ƙirjin mara lafiya, ya fara sauraron nasa, don kunnensa ya riƙe yadda lafiyayyar zuciya ke bugawa. Yarinya ce mai bin umarnin malamai. A bakin kowane gado sai ta ɗora a ƙirjinta, sannan ta ɗora wa mai jinya. Haka ta yi ta yi safe da yamma har uban ya dawo. Nas-nas suna ta cewa yarinyar nan hannunta da albarka, duk wanda ta duba sai ya miƙe.

Ya shigo gida da lambar yabo a jaka, ya tarar da ita zaune a kan kujera an tokare ta da matasan kai, ƙafafunta sun yi suntum, leɓɓanta sun yi duhu. Abin awon yana rataye a wuyanta.

"Sannu da zuwa, Baba," ta ce, tana tsayawa tsakanin kalma da kalma. "Na ari kayanka ban tambaya ba. Kada ka yi faɗa."

Bai yi faɗa ba. Sai ya zauna a ƙasa.

Da aka ɗauki hoton zuciyarta, Mahauci ya daɗe yana kallo. Zuciyar ta buɗe ta saki, da ƙyar take motsi. Ya ce, "Ban taɓa ganin irin wannan a mai shekarunta ba. A ba ta maganinka mana." Likita ya kau da kai, don shi ya san maganinsa da garin alli duk ɗaya ne.

A nan ne ya ƙara wa wuta fetur. Ya sauka sashen 'yan hatsari, ya tarar da wani saurayi ƙaƙƙarfa da mota ta buge, kansa ya fashe, na'ura ce ke yi masa numfashi. Ya ja labule, ya ɗora masa abin awon, ya haura da gudu ya ɗora wa 'yarsa. Ta ɗan buɗe ido, kumatunta suka yi haske, kafin la'asar ta koma yadda take. Ya sake sauka. Ya sake haurawa. Ya yi ta safa da marwa tsakanin gadajen nan biyu har ya daina jin ƙafafunsa, ƙarfin zuciyar yana shiga yana zurarewa.

Ya koma bayan mahauta, ya faɗi a gaban boka yana kuka kamar yaro.

"Na zuba mata, ya ƙi zama! Me ya sa ya ƙi zama?"

"Wanda ya bayar ba ya karɓa. Randar ta huje."

"Ba ka faɗa min ba!"

"Ba ka tambaya ba. Lokacin da tsofaffi ne a gadajen, ka damu ka sani?"

"Ɗebi tawa. Ɗebi duka ka ba ta."

"Ko ta duniya duka ka zuba, zurarewa za ta yi. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Sai dai ku sake mata wata randar, wannan kuma aikinku ne, ba nawa ba."

Dashe ke nan. Aka sa ta a sahun gaba, aka shiga jira, ita kuwa kullum ƙara nisa take. Ran nan da hantsi sai ga Mahauci ya shigo ofishinsa har yana tuntuɓe.

"Tashi, Allah ya kawo mafita! An samu zuciya. Wani saurayi ne a ƙasa, an tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta mutu. Rukunin jininsa da na 'yarka ɗaya, girman jikinsu ya dace. Uban ya amince, ya ce in ɗansa zai rayar da 'yar wani, a ɗauka, sadaka ce. Zo mu duba ta kafin a shiga."

Likita ya bi shi. Da suka nufi gadon da ke bayan labulen nan sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Uban saurayin yana tsaye a gefe da hula a hannu, ya ce, "Kai ne baban yarinyar? Allah ya ba ta lafiya, ɗan'uwa. Ɗana ƙarfi gare shi kamar doki, ba a taɓa kwantar da shi asibiti ba."

Mahauci ya ɗora na'urar hoto a ƙirjin saurayin. Murmushinsa ya ɗauke. Ya gyara, ya sake dubawa, ya kira a kawo hoton ranar da aka shigo da shi ya haɗa su.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ranar da aka kawo yaron nan zuciyarsa garau take. Yanzu dubi, ta zama tsumma. In na dasa wannan, a kan tebur za ta tsaya. Me ya cinye ta haka?"

Wanda ya san amsar yana tsaye yana riƙe da ƙarfen gado.

Wata zuciyar ba ta zo ba. Ƙaramar Likita ta cika da safe, kanta a cinyar uwarta, hannunta cikin na ubanta. Maganarta ta ƙarshe ita ce, "Baba, kada ka damu, ka yi iya ƙoƙarinka."

Wannan kalma ce ta fasa shi. Bayan an dawo daga maƙabarta ya faɗa wa matarsa komai. Ta saurara har ƙarshe ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ni na miƙa mata. Da hannuna na ce ungo." Tun daga ranar ba ta sake faɗin wata magana ba sai wannan. 'Yan'uwanta suka zo suka tafi da ita, har yau tana zaune a ɗaki tana miƙa wa iska hannu.

Sauran ya zo da sauri. Aka gwada maganinsa a wasu asibitoci, bai tayar da ko mutum ɗaya ba. Aka tono mace-macen da aka yi a hannunsa, aka karɓe izinin aikinsa, gida da motoci suka bi shari'a. Yanzu yana wani ɗaki a bayan shagon ƙaninsa, ba ya fita, ba ya son a gaishe shi.

Ku masu gaggawar a san da ku, ku ji da kyau. Abin da aka ce za a ba ka ba tare da gumi ba, a jikin wani za a yanko shi, kuma ba kai ke zaɓar inda wuƙar za ta tsaya ba. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Mahauci bai yar da shi gaba ɗaya ba. Ya je duba shi sau ɗaya, da ya ji an ce yana kukan ciwon ƙirji. Likita ya buɗe riga da sauri, idonsa cike da fata, yana jiran a ce masa tafiya ta zo. Abokin ya saurara, ya sake saurara, ya naɗe abin awonsa.

"Zuciyarka lafiya lau take," ya ce. "Irin wannan sai ta kai ka tsufa tukuf."