Farantin Farko

Nunzia na tsaye a gaban firij, ta riƙe ƙugu tana kallon ikon Allah. Daga sama har ƙasa robobin abincin surukarta ne, Sinyora Ines, wadda ke zaune a hawan da ke saman nasu, kullum sai ta sauko da dafaffe tun kafin a tambaye ta. A gefen ƙafarta kuma ga katon ɗin da mahaifiyarta Cosima ta aiko daga kudu, cike da man zaitun da kwalaben tumatir. Ita kuwa jar tukunyar da aka ba ta ranar biki, har yau takardar kanti na manne a gindinta.

"Ettore! Zo ka nuna mini inda zan ajiye ƙwai a gidan nan!"

Mijin nata ya leƙo yana dariya. "Kawo in sa a aljihu, gimbiya."

"Bar wasa, zauna. Ranar Asabar Mamma za ta iso, ba mu tsara komai ba."

Abin da ya sa wannan cin abincin dare ya zama babba shi ne, tun ranar biki iyayen nan mata biyu ba su sake zama a tebur ɗaya ba. A ranar ne Cosima ta ture farantin tortelloni, wata taliya da ake cusa wa cuku a ciki, ta ce mutanen Modena, garin su Ines, ba girki suke yi ba, wanka suke yi wa taliya da man shanu. Ines kuwa ta ɗaga ganyen da aka kawo daga kudu da cokali mai yatsu, ta ce su a nan zomaye suke ba irinsa. Daga nan aka sha mur. Yanzu ga Nunzia da ƙaramin ciki, ba wanda ya sani sai ita da mijinta, kuma ta ƙudura cewa kakannin biyu a zaune ɗaya za su ji, don kada wata ta ce an fara gaya wa wata.

Tsarin ya fara da daɗi. Abin motsa baki, zaitun daga katon ɗin Cosima da gutsattsarin cuku na nan gida, kowa ya ga nasa. Faranti na biyu, gasasshiyar kaza. Na zaƙi, kek ɗin lemun tsami, wanda ko maƙiyi ba ya kushe shi.

"Saura farantin farko," in ji Nunzia, idonta na ƙyalli.

Ettore ya hau sosa ƙeya. Duk wanda ya san shi ya san in ya fara wannan susar, to akwai ɓarnar da ya yi.

"Wato... na riga na ce wa Mamma ta yi tortelloni."

"Ka riga ka me?"

"Ita ta tambaye ni a matakala, Nunzia! Da garin fulawa ma a hannunta. Yaya zan ce mata a'a?"

"Kamar yadda na ce wa tawa!" Ta nuna kanta da yatsa. "Jiya Mamma ta kira ta ce za ta taho da katakonta ta murza mana orecchiette, taliyarmu ta kudu. Na ce a'a, gidana ne, ni zan dafa. Ta yi kuka a waya, ta ce arewa ta cinye mata 'ya. Na daure na saurara. Kai kuma ko a jikinka, ka ba da tukunyata kyauta a matakala!"

"To a yi guda biyu mana, kowa ya huta—"

"Don su zauna suna leƙen wa ya ƙara na wa? Ni kuma fa, ina nawa? Ettore, tun da na shigo gidan nan ɗumame nake yi. Na aure ka ne, ko an ɗauke ni aikin wanke robobi?" Ta share ido da bayan hannu. "Ka ji da kyau. In ranar Asabar ban ɗora jar tukunyar can ba, jirgin da ya kawo Mamma, da ni zai koma."

Ettore ya yi tsuru-tsuru, don ya san ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Ya miƙe da ƙarfin hali, ya ce yanzun nan zai hau ya warware komai. Ta ji takunsa a matakala, ta ji an buɗe ƙofa an rufe. Can sai ga shi ya sauko a sanyaye, riƙe da sabuwar roba mai zafi, da alamar miya a gefen baki.

"Ka gaya mata?"

"Na... fara shimfiɗa."

Nunzia ta juya masa baya. Ta shige ɗaki ta rufe, ta yi kuka mai isarta. Ba wai ta daina sonsa ba ne, ai da ta daina da abin ya zo da sauƙi. Yaro ne mai kirki, mai taushin zuciya, kuma taushin nan da ya sa ta so shi, shi ne yau yake neman raba su.

Washegari da tsakar rana, yana wurin aiki, ta tattara wankakkun robobin nan kaf ta rungume, ta hau sama ta cika ta yi fam. Ƙofar a buɗe take kaɗan, sai ta tura da ƙafa. Abin da ta gani ya mantar da ita maganar da ta haddace tun daga ƙasa.

Sinyora Ines na tsaye a bakin wurin wanke-wanke, tana cin busasshen burodi da ɗan guntun cuku a tafin hannu. Tukunyar da ta dafa an kwashe ta tas, an zuba a roba an rufe, ana jiran a kai ƙasa. Babban teburin cin abinci kuwa an lulluɓe shi da mayafi, har ƙura ta kwanta a kai.

"A kudu ba a ƙwanƙwasa ƙofa ne?" in ji tsohuwar, tana ɓoye burodin a baya.

"Ki yi haƙuri, Sinyora. Amma... ina naki abincin?"

"Na ƙoshi."

"Kullum haka kike ƙoshi?"

Ines ta ɗaga haɓa kamar za ta yi faɗa, sai kuma kafaɗunta suka sauka. Ta dubi kujerar da ke can ƙarshen teburin, ta marigayi mijinta.

"Tun da Gualtiero ya rasu ban iya dafa na mutum ɗaya ba. Hannuna bai san wannan awon ba. In kuma na zuba na zauna, sai kujerar can ta tsare ni da ido, abincin ya ƙi wucewa. To gara in aika inda na san za a ci."

Nunzia ta dubi robobin da ta rungumo. Duk tsawon zaman nan ta ɗauka robobin nan zagi ne ake aiko mata da murfi, ashe kaɗaici ne yake saukowa. Tausayi ya kama ta har ta kusa cewa a bar maganar, a yi tortelloni ɗin. Amma ta tuna jar tukunya, ta tuna abin da ke cikinta, ta daure.

"Sinyora, ranar Asabar ni zan yi farantin farko."

Fuskar tsohuwar ta koma yadda aka saba ganinta. "Me za ki dafa wa ɗana?"

"Za ki gani. Abu ɗaya nake roƙo, ɓawon cukun nan da kike tarawa."

Ines ta buɗe kwaba ta miƙa mata ba tare da ta kalle ta ba, ta rufe ƙofa a bayanta.

Ranar Asabar Cosima ta iso da jakunkuna da surutu, ta sumbaci 'yarta, ta ce ta rame, arewa ba abinci. Kafin a ankara ta zaro ƙunshin orecchiette daga ƙasan jaka, wai ko da za a buƙata. Nunzia ta karɓe ta ɗora a saman kabad, inda gajeriyar uwar tata ba za ta kai ba.

Da magariba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Nunzia na juya tukunya ta hango ta ƙofar kicin: Sinyora Ines ce cikin rigar zuwa coci, ɗauke da faffaɗan tire na tortelloni, an jera su gwanin sha'awa. Ta ga hannun Ettore ya nufi ƙeya, ta rufe ido.

"Mamma," ta ji ya ce a fili. "Wannan na gobe ne. Yau matata ce ta yi girki, kuma shi za mu ci."

"Ettore! Ni kake—"

"Ke, Mamma. Ina son ki, kin sani. Kawo tiren."

Ya karɓa ya shigo kicin, zufa na keto masa kamar wanda ya yi dambe. Nunzia ta ɗora goshinta a kafaɗarsa, hawaye na zuba, ta ce a hankali, "Matsa, za ka sa tukunyar ta kama."

Aka zauna, kakannin biyu suna fuskantar juna, kowacce na kallon bango. Aka ci zaitun da cuku ba mai tari. Sannan Nunzia ta ɗauko jar tukunya ta dire a tsakiya, ta buɗe. Taliya ce da dankali, mai kauri, kuma taliyar ma iri-iri, dogaye da gajeru da karyayyu.

"Taliya da dankali?" Cosima ta dafe ƙirji. "Abincin ranar wanki za ki ba baƙi? Kin kashe ni, Nunzia!"

"Ko kalar taliyar ba ɗaya ba," in ji Ines. "Sharar kanti aka kwaso?"

"Gaya mata dai, Sinyora!" in ji Cosima.

"Ai gaskiyarki, Sinyora!"

Suka yi turus, suka dubi juna, don tun da aka haɗa su ba su taɓa yarda da abu ɗaya ba sai yau.

Ettore ya miƙa farantinsa. "Lokacin muna makaranta a Bologna na yi zazzaɓin da ban gaya miki ba, Mamma, don kada ki tayar da hankali. Yarinyar nan ta zo ɗakina, ta tarar ba komai sai ragowar ledojin taliya da dankalin da ya fara tsiro. Ta haɗa ta dafa a kan ɗan risho ta ba ni a baki. Ban gama farantin ba na san wadda zan aura."

Cosima ta kai cokali ɗaya, ta kai na biyu.

"Hmm. Man zaitun ɗina ne ya fitar da shi."

Ines ta tsamo narkakken ɓawon cuku ta ɗaga sama. "Ba don wannan ba, da ruwan dankali muke sha."

Suna musu suna ci har farantai suka yi ƙasa. Cosima ta gutsuri burodi ta suɗe nata tas, yadda ake yi a gidansu. Nunzia ta saci kallon surukarta, don ta sha jin ta tana cewa suɗe faranti ɗabi'ar 'yan ƙauye ce. Ines ta dubi ragowar romon da ke gabanta, ta dubi hagu da dama, sai ta miƙa hannu ta yago burodi, ta bi farantin nan lungu-lungu har ya yi ƙyalli.

"Kada kowa ya kalle ni," in ji ta.

Nan Nunzia ta kama hannun mijinta, ta ce su shirya, kafin kakar inabi za a ƙara mutum ɗaya a teburin nan. Kai, ranar maƙwabta sun sha ihu! Cosima ta zagayo da gudu, Ines ta ture kujera, suka yi karo a tsakiya suka rungume juna suna kuka, kowacce ta ɗauka 'yar take riƙe da ita. Ba su saki juna ba suka fara gardamar abin da jariri zai fara ci, romo ko mai. Kaza kuwa tana can ta ƙone ƙurmus, ba wanda ya tuna da ita.

Da hayaniya ta lafa, Nunzia ta durƙusa kusa da surukarta.

"Mamma Ines," ta ce, kuma ranar ce ta fara kiranta haka. "Daga gobe kada roba ta ƙara saukowa ita kaɗai. Ki biyo ta. Yau ke ki dafa, gobe ni, amma a nan za ki zauna ki ci. Ga kujerarki."

Tsohuwar ta dubi kujerar da aka nuna mata. Ta shafa kan yarinyar, ta ce, "Gishirinki ya ɗan yi kaɗan, 'yata."

"Gobe sai ki nuna mini."

To, 'yan mata da samari, ku ɗauki abin ɗauka. Da Nunzia ta hau sama ta zazzage abin da ke cikinta, da ta ci nasara ta rasa uwa. Da kuma ta yi shiru don tausayi, da ta tsufa tana ɗumame. Sai ta yi haƙuri har ta gane ciwon da ke damun tsohuwa, ta kuma faɗi gaskiyarta cikin ladabi. Shi ma namiji ya sani, cewa uwa a'a da murya mai taushi ba rashin biyayya ba ne, wani lokacin shi ke riƙe gida. Jirgin kudu dai ya koma da Cosima ita kaɗai, da tiren tortelloni a cinya, tana cewa don kada a yi asara ne kawai ta karɓa.