Kofin Da Inna Ta Ware

Ranar da Inna ta ware mata kofi, Anti mai kemis ta dawo daga shago a gajiye, ta miƙa hannu za ta ɗebi ruwa, sai surukar tata ta ce,

"Ajiye wannan. Ga naki can bayan ƙofa, na ɗaura masa jan zare."

Mene ne laifinta? Duk mako takan tara masu ɗauke da cutar HIV a ɗan ɗakin da ke bayan kemis ɗinta, ta ba su maganinsu, ta yi wa mai tsallake sha faɗa, ta amsa tambayoyinsu. Kafin a fara kuma takan cika kofi ɗaya da ruwa, ya zaga kowa ya kurɓa, ita ta shanye ragowar. Da haka take nuna musu cutar ba ta bin kofi, don wasunsu sun manta rabon da wani ya ci abinci tare da su. To, wata maƙwabciya mai bakin tsiya ta leƙa ta gani, labari ya riga Anti isa gida.

Mijinta, wanda unguwa ke kira Injiniya alhali gyaran waya yake yi, yana son ta son da har abokansa ke tsokanarsa wai an shanye shi. A ɗaki ya same ta tana share hawaye.

"Likitata, ki rufa min asiri, ki dakatar da taron nan Inna ta huce."

"In na dakatar, wa zai bi su? Akwai mai ciki a cikinsu. In ta saki magani, jaririn zai iya ɗauka."

"Na sani. Amma uwa ce fa."

"Ni ma ban ce ba uwa ba ce."

Abu ya yi ta gaba. Aka hana ta girki, aka hana ta taɓa tabarmar Inna. Kullum sai an goranta mata "mutanenta", waɗanda Inna ke cewa su suka jawo wa kansu. Auta, ƙanwar Injiniya da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, tana rakuɓe a gefe tana ji, ba ta taɓa sa baki ba. A ƙarshe Inna ta ce wa ɗanta in matar nan ta ƙara kwana a gidan, ba ta yafe masa ba. Bai sake ta ba, amma da hannunsa ya ɗauki jakarta ya raka ta gidan iyayenta, namiji guda yana kuka a titi.

Watanni suka shuɗe. Anti ta rame, zuciyarta ta ƙuntata, amma taro bai fasa ba. Takan kira Inna ta gaishe ta, Inna ta kashe wayar. Injiniya kuwa in ya zo wucewa sai ya rage gudun babur a ƙofar kemis, su kalli juna, ya wuce.

Wata safiya ya shigo idanunsa jawur.

"Auta ce. Ki zo, don Allah."

Ta bi shi gida, ta tarar da Auta kwance. Yarinya ta ƙare, sai idanu. Inna ta yi ta ɗura mata jiƙe-jiƙe, wai sammu aka yi mata. Anti ta rungume ta, ta goge mata baki da gefen mayafinta. Auta ta riƙe hannunta, murya ƙasa-ƙasa ta ce,

"Anti, ina da cutar nan. Tun rasuwar mijina aka faɗa min a asibiti. Na yi niyyar zuwa wajenki, sai na ga abin da aka yi miki. Na ce wadda ta sha ruwa kawai ke nan, ina ga ni?"

Inna na tsaye a bakin ƙofa, ba abin da bai shiga kunnenta ba. Sulalewa ta yi ta zauna a ƙasa.

Aka garzaya asibiti, amma an makara. Anti ce ta yi jinya, ita ke wanke ta, ita ke ba ta abinci a baki, kuma a hannunta Auta ta cika.

Bayan an share makoki, Inna ta taka da ƙafarta har kemis, da rana tsaka, mutane cike.

"'Yar nan, bakina ne ya kashe Auta."

"A'a Inna, kwana ne ya ƙare. Ki yi mata addu'a."

"Ki yafe min, ki koma ɗakinki. Mijinki ya zama kamar ba shi ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Mutanen nan naki, akwai masu ɓoye wa iyayensu?"

"Da yawa, Inna."

"To ki riƙa kai ni wajen iyayen. Ni zan faɗa musu abin da na rasa."

Da yamma Injiniya ya zo ya ɗauki matarsa. Ta koma ɗakinta da mutuncinta, haƙurinta bai faɗi ƙasa ba, sai dai gidan babu Auta. Jama'a, cutar nan tana da maganin da ke riƙe mutum ya rayu ya tsufa. Mu iya bakinmu a kan masu ita, don ba mu san wane namu ne ke zaune a gefe yana saurare ba.