Tafin Hannun Ma a Bangon Kicin

A gidan Bagchi da ke arewacin birnin Kolkata, hayaƙin girki bai taɓa yi wa kowa lahani ba. Baba ne ya tabbatar da haka, kuma shekara talatin ya yi yana koyar da ilimin sinadarai a kwaleji, don haka babu mai musu. Matarsa Shefali ta rasu bara bayan tarin shekara goma sha ɗaya, amma wannan, a cewarsa, ƙurar titi ce.

'Yarsa Tuhina ta zuba man mustad, man suyarsu mai ƙarfin hayaƙi, a kasko, ta jira ya fara hayaƙi yadda Ma, mahaifiyarta, ta koya mata, ta watsa busasshen barkono. Tari ya sarƙe ta. Ta kai hannu ta dafa bango.

Sai da ta ɗago ta ga inda ta dafa. Maiƙon shekaru ya baƙanta bangon duka, ban da wuri guda a saman murhu ta dama, inda Ma take dafawa duk lokacin da tari ya kama ta. Yatsu biyar, fes. Hannun Tuhina ya zauna a ciki cif.

"Shefali?" Muryar Baba daga falo.

"Ni ce, Baba."

"Na sani."

Karo na uku ke nan a makon da ya kira ta da sunan Ma.

Sourjo, wanda za ta aura nan da wata biyu, yana tsaye a ƙofar kicin da abin awo a hannu. Ita kaɗai Baba ya haifa, don haka a gidan nan za su zauna.

"Zinariyata, matsa in auna."

"Auna me?"

"Na'urar zuƙe hayaƙi zan sa miki. Ni mata na nema, ba kifi mai banda ba."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Ita ce ta jawo Baba, ƙanwarsa Pishi na biye da shi.

"Wa ya mutu ake awo?" in ji Baba.

"Ka gani ko, Yaya?" Pishi ta ce. "Bai tare ba ya fara auna gida." Tana da ɗan mijinta likita a garin Pune da take so Tuhina ta aura, wanda a cewarta bai taɓa auna komai na kowa ba.

Da Sourjo ya yi shiru da an wuce wurin. Amma so yana sa mutum ya ɗauka gaskiya tana da amfani a gidan surukai.

"Baba, ka saurare ta. Irin tarin Ma take yi."

Kifi yana ƙauri a kasko, babu wanda ya motsa.

"Wato ni na kashe matata."

"Ban ce..."

"Ka ce. Ɗauki abin awonka."

Mako uku Sourjo bai taka gidan ba. Pishi ta ajiye hoton likitan a kan tebur, ta ce mantawa ta yi. Tuhina kuwa a waya take yi wa Sourjo kuka, daga kan soro, tana shanya.

"Ka ba shi haƙuri mana..."

"Zan ba shi. Amma in tsaya ina kallo ki bi bayanta? Tuhina, ba zan iya ba."

"To sai ka rasa ni da raina."

Ta kashe wayar, ta sauko ta ɗora abincin rana.

Ran nan tarin bai tsaya da wuri ba. Tana sanye da tsohon sari, zanen da Ma take ɗaurawa in za ta yi girki, hannunta a bango, kanta a sunkuye. Ta ji mutum a bayanta. Ta jira a kira sunan da ba nata ba.

Ba a kira ba.

Da ta juya, Baba ne, jarida a hannu, yana kallon bangon. Ya daɗe.

"A nan nake tsayawa," ya ce. "In ce mata ta sha ruwa."

"Baba..."

"Kira yaron nan. Ya zo da abin awon."

Mai shago ya nuna musu na'urar iri biyu, mai faɗin ƙafa biyu da mai ƙafa uku. Sourjo ya riga ya yi lissafinsa tun a mota, ya raɗa wa Tuhina: ƙaramar za ta tsaya daf da tafin hannun Ma, babbar za ta rufe shi gaba ɗaya.

"Ƙaramar za mu ɗauka," ya ce da ƙarfi. Mako uku na rashin masoyiya sun koya masa ladabi.

"Ta ishe mu, Baba," in ji Tuhina. "Sai in riƙa suya a kan hagu."

Baba ya gyara tabarau. "Murhunmu kai uku ne. Idan aka soya kifi a kan dama, ina hayaƙin zai bi?"

"Ta gefe zai zille, yallaɓai," mai shago ya ce. "Ƙaramar ta masu dafe-dafe ce. Masu man mustad babbar suke saye, in ba haka ba mai girki ce za ta shaƙa."

"Uwarta a kan dama take suya," Baba ya ce, ba da kowa ba. "Ita ma can hannunta zai kai ta."

"Baba, hannun Ma fa..."

"Na san abin da ke bangona." Ya nuna babbar. "Wannan. Saboda ƙurar titi."

Sourjo ya kai hannu aljihu. Baba ya dafe masa hannun, bai ko kalle shi ba, ya wuce wurin biya shi kaɗai.

Ranar da aka zo kafawa Baba ya tafi aski, ya yi awa huɗu.

An sha biki a farkon sanyi. Pishi ta ci kifi faranti biyu, ta ce gishiri ya yi kaɗan. Har yau idan baƙi suka yaba da na'urar, Baba yakan bayyana musu cewa ado ce ta yaran zamani, gidan nan bai taɓa buƙatarta ba.

Kowace safiya Tuhina tana kunna ta, ta watsa barkono a kan dama, Sourjo yana satar suya ta bayanta tana buge masa hannu. Labule sun daina ƙamshin mustad. Kujeru ma haka.

A falo Baba yakan sauke jarida idan ya ji mai ya yi ƙara, ya karkatar da kunne wajen kicin. Yakan jira kaɗan. Babu mai tari, babu wadda zai kira. Sai ya ɗaga jaridarsa.