Wayar da Ta Yi Ƙyalli

Da hantsi aka kira Sufeto masana'antar tayil. Sabon murhun lantarki, wanda ya maye gurbin na gas wata biyu da suka wuce, ya mutu, kuma Manaja ya rantse da gangan aka yi. Ya ma riga ya nuna mai laifi: Injiniya, yarinyar da ta haɗa murhun. In ta tabbata, ba aikinta kaɗai zai tafi ba, har kotu za ta je.

Sufeto ya leƙa cikin murhun da tocila. Wayoyi ne a nannaɗe a jikin bango, sun tsittsinke. Na sama ruwan toka ne, na ƙasa kuwa, iyakar inda hannu zai kai, sai ƙyalli suke kamar sabon cokali.

Injiniya ta bayyana masa cewa wayar gauraye ce ta ƙarfe da kuromiyam da alminiyam. In ta sha zafi takan yi wata fata mai ruwan toka, wadda ke kare ta daga cinyewa. An kankare fatar, an ƙwarzane wayar, shi ya sa ta tsinke da aka kunna murhun.

"Wa kike zargi?"

"Babu kowa, yallaɓai." Ta sunkuyar da kai. Sufeto ya gane ƙarya take.

A bayan ɗakin murhun ya tarar da wani dattijo zaune kan bulo, wanda ma'aikata ke kira Baba Mai Wuta. Shekara talatin yana hura tsohon murhu yana goge shi. Yanzu maɓalli ɗaya ya ɗauke masa aiki, aka bar shi da tsintsiya.

"Baba, ka shiga murhun nan?"

"Ni da ko rimot ɗin jikana ya gagare ni?"

"Nuna mini hannunka."

Garin toka-toka ya cika ƙarƙashin faratansa. Burushin ƙarfe kuma na leƙowa daga aljihun rigarsa.

Baba ya ce ya ji an ce masu kamfani za su zo zagaye, ya ga wayar ta yi datti. A zamaninsa, murhu mai datti abin kunya ne. Jiya da aka tafi hutun rana ya goge ta, don a ga har yanzu yana da amfani.

"'Yar nan ba ta da laifi. Ta gan ni na fito, ta rufa mini asiri."

Sufeto ya ja Manaja gefe, ya roƙe shi ya janye ƙara. Manaja ya girgiza kai, ya ce rahoto ya riga ya kai sama, suna kawai ake jira. Sufeto ya buga wa shugabansa Difi'o waya, aka ce ya kawo Baba ofis.

Bai ciro ankwa ba. Ya buɗe wa Baba ƙofar gaba ta motarsa, yayin da Injiniya ke kuka a jikin bango.

Baba ya waiwayi murhun kafin ya shiga.

"Amma dai wayar ta yi kyau, ko, yallaɓai?"

Sufeto ya tayar da mota.