Kalule a Sahun Baya

Namutebi da mahaifiyarta suna zaune a bayan kicin suna feren ɗanyar ayabar da za a dafa da rana, sai ga Goggo Nansubuga ta shigo, fuskar nan a murtuke. Namutebi ta ajiye wuƙa, ta zube gwiwa biyu ta gaishe ta. Goggon ta amsa a daƙile.

"Ina babanki? Kira min shi."

Namutebi ta tashi ta kira shi. Goggo yayar mahaifinta ce, ita ce kuma mai koyar da rawar bakisimba a zauren cocin Nyendo tun Namutebi ba ta iya tafiya ba. Kuma duk garin Masaka babu wanda bai san cewa mai neman aure ta wajen goggon yarinya yake fara bi ba. In ta rufe ƙofa, uba ma ba shi da mabuɗi.

Da Baba Mubiru ya fito, Goggo ko zama ba ta yi ba.

"Mubiru, yaron nan Kalule da ya ce zai kawo min gaisuwa, a faɗa masa ya riƙe kayansa. Ba zan karɓe shi ba."

"Subhanallahi! Yaya, me ya yi zafi haka?" in ji mahaifiyar Namutebi. "Ba shi ne kike yabo, kina cewa ba ki taɓa ganin ƙafa irin tasa ba?"

"Ƙafa na yaba, ban yabi hali ba! Ya zo a makare na yi shiru. Ya shigo min da takalmi yana taunar cingam, na kau da kai. Waya ta yi ƙara ana tsakiyar kiɗa ya ɗauka, na haɗiye. Amma jiya?" Ta juyo ta dubi Namutebi. "Ke kina wurin. Faɗa wa ubanki da bakinki."

Namutebi ta sunkuyar da kai. Ta ba da labari. Nalongo, uwar 'yan biyun nan mai sayar da fara a kasuwa, ta shiga ajin ne don ta koyi 'yar rawar da za ta taka ranar bikin ɗiyarta Babirye. Mace ce mai jiki, ga shekaru, ƙugu ya ƙi bin ganga. Sai Kalule ya lallaɓa bayanta yana kwaikwayonta, har da haki, samari suka kwashe da dariya, wani ma ya ɗauka a waya. Nalongo ta kwance fatar akuyar da 'yan rawa ke ɗaurawa a ƙugu, ta ninke ta ajiye, ta fita tana share ido da gefen zani.

"Ka ji ko?" in ji Goggo. "Wanda ya yi wa mai koyo dariya, ranar da matarsa ta yi kuskure a gaban danginsa, shi zai fara tafa hannu. Ba da 'yar ƙanena ba!"

Baba Mubiru ya ce, "Yaya ta gama magana."

Namutebi ta shige ɗaki ta yi kuka har idonta ya kumbura. Mahaifiyarta ta biyo ta tana lallashi. "Ki yi haƙuri ki cire shi a ranki, 'yar nan. Maza ba su ƙare ba."

"Mama, ba zan cire shi ba," ta ce tana jan hanci. "Kuma ba zan saɓa wa Goggo ba."

"To ta yaya? Tafiya biyu ce wannan."

"Zan haɗa su."

Da la'asar ta sami Kalule a tashar 'yan acaɓa, ya kishingiɗa a kan babur ɗinsa yana kallon bidiyon jiya shi da abokansa. Ta ja shi gefe ta faɗa masa komai. Kalule ya yi tsalle kamar ya taka wuta.

"A kan wasa? Haba Namu, ki zama siriyos mana! Tsohuwar nan ta manta wa ke cika mata zaure? In na fita daga ajin nan, wa zai kalle su?"

"Goggona kake kira tsohuwar nan?"

"Sori. Amma ji nan," ya rage murya, "ƙarshen wata masu ƙungiyar nan ta Kampala za su zo ɗibar 'yan rawa. Ni za su ɗauka, kowa ya sani. Ki shirya kayanki mu tafi kawai. In muka yi aure can, dole su haƙura."

Namutebi ta dube shi ido cikin ido. "Ni ba akuyar sata ba ce da za a fita da ni ta bayan gida. Ta ƙofa zan fita, Goggo na gaba tana guɗa, ko kuma in tsufa a ɗakin uwata. Zaɓi ya rage naka: ka je ka ba Nalongo haƙuri, ka koma aji ka durƙusa."

"Ni? In durƙusa wa mai fara?"

"To sai an jima."

Ta juya ta tafi. Ba ta waiwaya ba. Ya kira wayarta har ya gaji, ba ta ɗaga ba. Kullum tana zuwa aji, ta riga kowa, ta share zaure, ta yi rawarta fuska ba walwala. 'Yan mata suna zunɗenta. Ita da kanta Namutebi ta riƙa zuwa rumfar Nalongo tana taya ta cire wa fara fiffike, tana roƙonta ta dawo.

"Ɗiyata, bar ni da kunyata," in ji Nalongo. "Bidiyon nan har surukaina sun gani."

Rannan suna cikin haka sai ga inuwar mutum a bakin rumfa. Kalule ne, ya rame, hular kwano a hannu. Kasuwa cike, 'yan acaɓa na leƙe. Ya tsaya kamar zai juya, sai kuma ya kai gwiwa ƙasa cikin fiffiken fara.

"Mama, na yi miki rashin kunya. Ki yafe min."

Nalongo ta ci gaba da aikinta kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "Don yarinya ka zo, ko don ni?"

Ya ɗago kai. "Da farko don ita na taso. Amma jiya uwata ta ga bidiyon. Ta tambaye ni, in ita ce fa?"

"Hm. Tashi, kana kore min masu ciniki. Aji zan koma, amma yafiya sai na ga kamun ludayinka."

Washegari ya isa zaure tun kafin a buɗe. Ya cire takalmi a waje, ya kashe waya, ya gai da Goggo da makaɗa ɗaya bayan ɗaya. Goggo ta kalle shi sama da ƙasa.

"Ajina ba shi da gwani, ɗalibai gare ni. In ka dawo, sahun baya za ka tsaya, kusa da Nalongo. Kai za ka fitar da ganguna rana, kai za ka mayar. Ba ka gyara wa kowa rawa sai na ce. Ka iya?"

"Na iya, Goggo."

Faɗa ya fi yi sauƙi. Wurinsa na gaba aka ba wani ɗalibi, Lubwama, wanda kullum sai ya saki kiɗa a wajen juyi. Namutebi na hango Kalule a baya yana cije leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi, amma bai tanka ba. Wata rana Goggo ta daka masa tsawa a kan kuskuren da ba nasa ba. Zaure ya yi tsit, kowa na jiran ya fashe. Namutebi ta runtse ido. Sai ta ji ya ce, "Na gode, Goggo, zan gyara."

In an tashi kuwa, da izinin Goggo, sai ya tsaya da Nalongo yana nuna mata a hankali. "Mama, manta da ƙugun. Ki taka kamar kina murje wani abu da diddige, shi zai biyo da kansa. Yauwa! Kin gani?"

Ranar da mutanen Kampala suka zo, Namutebi ta kasa haƙuri. Ta sami Goggo a gefe ta durƙusa. "Goggo, don Allah yau kaɗai. Ki bar shi ya fito gaba. Shekara nawa yana jiran wannan rana."

"Ke ma kin fara koya min aikina?"

Aka yi rawa, Kalule na baya inda ginshiƙi ya kare shi. Baƙin suka zaɓi Lubwama da 'yan mata biyu, suka tafi. Namutebi ta fito ta same shi a bayan zaure yana ɗaure ganguna, hawaye na ɗiga a kan fatar.

"Ni na jawo maka," ta ce, ita ma ta fashe da kuka.

"Ba ke ba ce. Bakina ne." Ya share fuska da hannun riga. "Taya ni ɗaukar ƙaramar nan. Gobe akwai firaktis."

Ya shiga ya kama hannun Lubwama ya yi masa murna a gaban kowa.

Ranar bikin Babirye, rumfuna sun cika maƙil, mata sun sha gomesi, doguwar rigar gargajiya, kala-kala. Ganguna suka ɗauka, Nalongo ta fito tsakiyar fili, 'yan aji na mara mata baya. Ta fara lafiya lau. Sai tsakiyar rawa fatar ƙugunta ta kwance ta zame ƙasa, ta tsaya cak, kiɗa ya wuce ta. Aka fara ƙus-ƙus daga ɓangaren dangin ango. Kafin dariya ta kama, Kalule ya fito daga baya da rawa, ya sunkuya ya ɗauki fatar, ya ɗaga ta sama kamar tuta, ya zagaya Nalongo, sannan ya durƙusa ya miƙa mata da hannu biyu. Namutebi ta yi wuf ta ɗaura mata. Kalule ya tsaya gefen Nalongo yana taka mafi sauƙin taku, har ƙafarta ta kama. Wuri ya kaure da guɗa! Mutane suka ɗauka tsarin rawar ke nan. Amarya ta taso da gudu ta rungume uwarta a tsakiyar fili.

Da aka natsa, Goggo ta aika a kira Kalule. Namutebi na tsaye bayanta.

"Wa ya ba ka izinin barin sahu?"

Kalule ya sunkuyar da kai. "Babu, Goggo. Na yi laifi."

"Ka yi laifi." Ta gyara ɗamararta, bakinta na motsi kamar mai ɓoye murmushi. "Asabar mai zuwa ina gida. Ka zo da manyanka. Kuma ka zo da yunwa, don kaza zan turara a ganyen ayaba."

Namutebi ta rufe baki da tafin hannu, ta zube a ƙafar goggonta tana kuka tana dariya.

Bayan damina aka yi biki, Goggo na gaba tana guɗa, Nalongo ta kawo fara buhu guda gudunmawa. Mutanen Kampala dai ba su sake dawowa ba, amma da gwiwoyin Goggo suka fara ciwo, Kalule ta damƙa wa ajin masu koyo.

Wannan shi ne abin lura ga duk mai neman ilimi, na rawa ne ko na littafi: gwaninta tana sa a tafa maka, amma ladabi ne ke sa a ba ka amana. Ka girmama malaminka, ka rufa wa na ƙasa da kai asiri, in an gyara maka ka ce na gode. Ke kuma 'yar'uwa, in so ya haɗa ki da iyaye, kada ki yar da ɗaya don ki riƙe ɗaya. Namutebi ta dage, ta yi haƙuri, ta kuma samu duka biyun.