Allin da Aka Goge a Tayar Dama

A nan Teksas ta ƙasar Amurka, inda kwalta ta ƙare aka shiga hanyar gonaki, akwai wata yarinya da ke zaune da mahaifinta Wendell. 'Yar aji biyar ce. Tana da taure mai suna Biskit, wanda take kiwo don gasar dabbobi ta yaran makaranta. Kullum sai ta taje shi, ta koya masa tsayuwa a gaban alƙalai. Ba ta da lalaci. Aibinta ɗaya ne, tana son a gani a yaba.

Wendell yana da farar a-kori-kura. Kamar sauran irinta, bayanta ya fi gabanta tsayi. A wannan shekarar ya sa bakanike ya ɗaga gaban har ya yi daidai da baya. Saura tayoyi, domin tsofaffin sun cinye.

Ranar Asabar suka je shagon Chuy mai taya. Chuy ya gangaro da guda biyu, mai inci talatin da uku da mai inci talatin da biyar. Yarinyar ta ruga ta rungume babbar. A ajinsu akwai wani yaro da motar ubansa ke da irinta, kullum yana kiran tasu motar kai kaka asibiti.

Chuy ya ce, "Wendell, in ni ne, ƙaramar zan ɗauka. Babbar tana iya shiga, tana iya ƙi. Amma motar ce za ta faɗa, ba ni ba."

Yarinyar ta dinga roƙo, sai uban ya ce a gwada.

Ga yadda ake gwajin, kuma haka ya kamata a yi. Ana ɗaura taya biyu a gaba, a shafa alli a gefensu. Direba ya murɗa sitiyari har ƙarshe, hagu da dama, ya yi gaba ya yi baya, ya hau kan katako ya sauka. In tayar tana taɓa baƙar robar da ke rufe cikin ramin da taya ke zama, alli zai bar fari a wurin.

Chuy ya tsaya a hagu. Wendell ya leƙo ta taga ya ce wa 'yarsa, "Ke kin fi mu shiga lungu. Duba dama da kyau. Ko ɗigo kika gani, ki faɗa."

Ta durƙusa ta leƙa. Ga fari nan a jikin robar, tsawon ɗan yatsa. Ta dubi ƙaramar tayar da aka jingine a bango, ta tuna da yaron nan na ajinsu. Sai ta jiƙa bakin rigarta da yawu, ta goge allin.

"Babu komai, Baba."

"Kin tabbata?"

"Fes yake."

Wendell bai sauko ya duba ba, domin ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Aka ɗaura manyan duka huɗu.

Ranar Litinin da ya sauke ta a makaranta, yaron nan ya tsaya yana kallon tayoyin. Ta ji daɗi ƙwarai. Sai dai in an zo kwana mai tsanani, takan ji wata 'yar ƙara ta ɓangarenta, ƙurr. Da ta ji, sai ta ƙara muryar rediyo ko ta soma ba da labarin Biskit.

Ranar gasa ta zo. Doka ce, duk dabbar da ba a auna ta kafin tsakar rana ba, ba ta shiga fili. Suka ɗora kejin Biskit da ciyawa da jarkar ruwa. An yi ruwa a makon, ya zaizaye hanya a wurin da take yin kwana ta gangara rafi. Wendell ya murɗa sitiyari har ƙarshe. Gaban motar ya nutsa cikin rami. Tayar dama ta cafke robar ta yage ta, bakin ƙarfe ya tsaga gefen tayar, iska ta fita.

Motar ta karkace ta tsaya. Wurin gangara ne da laka, jek ba zai tsaya ba. Biskit yana ta kuka a baya.

Wendell ya tsuguna ya shafa yagaggiyar robar. Ta siɗe har tana sheƙi. Ya ce, "Wannan ba yau ta fara gugawa ba." Bai dubi 'yarsa ba.

Ita ce ta matso, ta faɗa masa abin da ta yi da allin.

Wendell ya ce, "Da a babbar hanya ta fashe fa, muna cikin gudu? Ni na ba ki amanar idona, ke kuma kika rufe shi."

Ta fashe da kuka. Ya ƙyale ta ta yi, domin kukan ya dace.

Ana haka sai ga maƙwabciyarsu, tsohuwa Oleta, a cikin 'yar tsohuwar motarta mai siraran tayoyi. Yarinyar ta sha yi wa motar nan dariya. Oleta ta tsaya ta leƙo.

"Wendell, wa ya ce maka tarakta ka saya?"

Wendell ya roƙe ta ta kai yarinyar da tauren. Ya ce Biskit bai yi laifin komai ba. Shi zai tsaya da mota, don ba a barin ta a bakin rafi bayan ruwa.

Motar Oleta ta haye rafin ba ko tari. Suka isa ana shirin ɗauke ma'auni, aka auna Biskit. A fili ya tsaya cak kamar yadda aka koya masa, ya zo na biyu. Mutane suka tafa. Yarinyar ta duba wurin zaman iyaye tana neman hular babanta. Ba ta nan. Yabon da take so ya samu, amma bai yi mata daɗi ba.

Da yamma ta ajiye masa lambar yabon kusa da kwanon wake da burodin masara. Ya juya ta a hannu, ya sa ta ba shi labarin gasar tun daga farko. Ya yi murmushi, amma bai janye horo ba. Duk Asabar za ta share shagon Chuy har makaranta ta tashi hutu, kuma da bakinta za ta ba Chuy haƙuri.

Ta je ta ba shi. Chuy ya miƙa mata tsintsiya da alli a tare.

Aka ɗaura masu inci talatin da uku. Wendell ya sake ba ta ɓangaren dama. Ta leƙa, ta sa ya ƙara yin baya, ta sake leƙawa.

"Babu komai, Baba. Sauko ka gani."

Ya ce, "Ba sai na sauko ba."

Da gasa ta zagayo, hularsa tana layin gaba tun kafin a buɗe fili.

Yara, in an sa ku duba abu, ku faɗi abin da kuka gani, ko da ba shi kuke so ba. Goge alli ba ya hana taya gugawa. Kuma abin da ya yi daidai da kai ya fi babban da za a yaba maka.